Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Masu Ƙirƙirar Wasanni da Zaɓen Manhajar Tsara Littafi

Batunmu na wannan mako ya fito ne daga wata sana'a da ba ta yi ƙarfi a wajenmu ba tukuna, amma darasin da ke cikinta ya shafi duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta da niyyar fitar da littafi. Sana'ar ita ce ƙirƙirar wasannin kan tebur, wato waɗanda mutane ke zama su yi da kati, ko allo, ko ɗan ludo, ko kuma takarda da fensir kawai. Daga cikinsu akwai wani nau'i da mutum ɗaya ke jan zaren labari, sauran 'yan wasa kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi a cikin labarin, sannan a jefa ɗan ludo domin a ga ko abin da jarumin ya yi nufi ya yiwu. Uban wannan nau'i shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, a matsayin ƙananan littattafai uku cikin akwati, kwafi dubu ɗaya a bugun farko.

A yau dubban mutane a Amurka da Turai da Latin Amurka suna rubuta irin waɗannan wasanni ba tare da wani babban kamfani a bayansu ba. Mutum ɗaya ne marubuci, shi ne edita, shi ne mai tsara shafuka, shi ne ɗan talla. Suna sayarwa a kasuwannin intanet irin su itch.io da DriveThruRPG, suna tara jari a Kickstarter, wanda tun 2019 ya ware wa ƙananan littattafan wasa wani zango na musamman mai suna Zine Quest. Tambayar da kusan kowannensu ke cin karo da ita kuwa, da zarar ya gama rubutu, ita ce: da wace manhaja zan tsara littafin? Galibi akan amsa ta da lissafin wadda ta fi yawan dabaru ko wadda ta fi araha. A ganina awon da ya fi waɗannan nauyi shi ne a tambaya, bayan shekara goma, a hannun wa mabuɗin aikin zai kasance.

Kafin mu kai can, ya kamata mu fahimci abin da ya sa tsarin shafi ke da girma haka a wannan sana'a. Littafin hikaya ana karanta shi ne daga farko zuwa ƙarshe, sau ɗaya ko biyu, a ajiye. Littafin dokokin wasa kuwa kayan aiki ne. Ana buɗe shi a tsakiyar wasa, mutum huɗu ko biyar suna jira, ana neman jadawalin da ke faɗin abin da zai faru idan jarumi ya faɗa rijiya. Idan jadawalin ya rabu gida biyu, rabi a wannan shafi rabi a bayansa, wasa ya tsaya, annashuwa ta tafi. Shi ya sa Gavin Norman, mai Old-School Essentials, ya yi suna da tsarin da kowane batu ke ƙarewa cikin shafi biyu masu fuskantar juna, ba sai an juya ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Mörk Borg, na Pelle Nilsson da Johan Nohr 'yan ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2020 da launin rawaya mai kashe ido da haruffa iri-iri, kusan kowane shafi da kamanninsa, har ya ci lambar yabo ta ENnie a kan tsarin shafi. Littattafan biyu sun yi hannun riga wajen salo, amma sun yi tarayya a kan cewa tsarin shafi wani ɓangare ne na wasan kansa.

To, ta ina mai zaɓe zai fara? Ya fara daga maɗaba'a, domin can ne aikin zai ƙare. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi ne da haske uku, ja da kore da shuɗi, ita kuwa injin ɗab'i tana aiki da tawada huɗu, abin da masu sana'ar ke kira CMYK. Launin da ke walƙiya a fuskar kwamfuta yakan fito a dushe a takarda idan ba a juya shi yadda ya dace ba. Hoton da ake so ya kai bakin takarda dole ne ya zarce layin yanka da kamar milimita uku, saboda wuƙar yanka takan ɗan kauce. Hotuna na bukatar ɗigo 300 a kowane inci. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya, kamar yawancin ƙananan littattafan wasa, dole yawan shafukansa ya rabu da huɗu: 16, 24, 32, da sauransu. Maɗaba'un da ke buga kwafi gwargwadon oda sukan nemi fayil ɗin PDF na musamman, irin PDF/X-1a, wasu ma sukan ƙayyade cewa jimillar tawada a kowane wuri kada ta wuce kashi 240 cikin ɗari, don kada takarda ta jiƙe. Duk manhajar da ba ta iya biyan waɗannan sharuɗɗa ta faɗi jarrabawa tun kafin a zo maganar kuɗi. A nan ne Microsoft Word ke tsayawa. Tana da kyau wajen rubutu, kuma ta isa ga wasa mai shafi biyu da za a karanta a waya, amma ba ta fitar da launin maɗaba'a da kanta, kuma duk wanda ya taɓa matsar da hoto ɗaya a cikinta ya ga sauran shafuka sun rikice ya san iyakarta.

Sharaɗi na biyu ya shafi cikin littafin. Littafin dokoki cike yake da kanun batutuwa, da jadawalai, da akwatunan misali, da nuni irin na "duba shafi kaza". Manhajar kirki tana barin mai aiki ya ƙayyade salon kowane nau'in rubutu sau ɗaya, ta yadda idan ya sauya girman kanun batu a wuri guda, zai sauya a shafi ɗari biyu lokaci guda. Tana da uwar shafi, wadda ke ɗauke da lambar shafi da adon gefe. Tana iya haɗa ƙumshiya da fihirisa da kanta, ta kuma gyara lambobin nuni idan shafuka sun motsa. Mai wasan kati kuma yana da wata bukata ta daban: idan katinsa ɗari da ashirin ne, kowanne mai faɗin milimita 63 da tsawon 88, ba zai so ya gyara su ɗaya bayan ɗaya ba duk lokacin da gwaji ya nuna wata lamba ta yi yawa. Abin da yake nema shi ne manhajar da za ta ɗebo bayanai daga jadawalin Excel ta zuba su cikin ƙirar kati guda. InDesign da Affinity suna yin haka, kuma akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna nanDECK da aka yi musamman domin wannan aiki.

Idan an tace da waɗannan sharuɗɗa, manyan hanyoyi uku ne ke saura. Ta farko ita ce InDesign ta kamfanin Adobe, wadda ta fito a 1999, ta kuma karɓe kasuwa daga hannun QuarkXPress. Ita ce yaren da ƙwararrun masu tsara littafi da manyan maɗaba'u ke ji, kuma da wuya a sami wata bukata ta littafin wasa da ba ta biya ba. Sai dai tun 2013 Adobe ya daina sayar da sababbin manhajojinsa sayarwa ta dindindin, ya koma haya. Mutum zai riƙa biya kowane wata ko kowace shekara, ranar da ya daina biya kuma ƙofa ta rufe, fayil ɗinsa yana nan a kwamfutarsa amma ba shi da abin buɗe shi. Ga kamfanin da ke fitar da littafi kowane wata, wannan kuɗin aiki ne kamar na lantarki. Ga wanda ke fitar da ƙaramin littafi ɗaya a shekara, ya sayar da kwafi ɗari uku, hayar takan cinye wani yanki mai kauri na ribar, kuma ko gyaran kuskuren harafi ɗaya a bugu na biyu sai ya sake biya.

Hanya ta biyu ita ce Affinity Publisher, wadda kamfanin Serif da ke Nottingham a Ingila ya fitar a 2019 a kan kimanin dala hamsin, biya ɗaya tak. Masu ƙananan wasanni sun rungume ta hannu bibbiyu, saboda ta biya yawancin bukatunsu, kuma ta 'yantar da su daga haya. A watan Maris na 2024 kamfanin Canva na Ostareliya ya sayi Serif, sannan a ƙarshen Oktoban 2025 ya haɗe manhajojin Affinity uku zuwa guda ɗaya, ya mayar da ita kyauta ga duk wanda ya buɗe asusun Canva. Wannan alheri ne ga ɗalibi da mai ƙaramin ƙarfi, babu ja. Amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da aka ba ka kyauta bisa sharaɗin asusu, mai shi na iya sauya sharaɗin gobe, kuma tsarin fayil ɗin Affinity rufaffe ne: tana iya shigo da aikin InDesign ta hanyar fayil ɗin musaya mai suna IDML, amma fita da aiki daga cikinta zuwa wata manhajar tsara shafi, yadda za a ci gaba da gyara shi cikin sauƙi, abu ne mai wuya.

Hanya ta uku ita ce Scribus, wadda ta fito a 2003, ba ta kuma zama mallakar wani kamfani ba. 'Yan sa-kai ne ke gina ta, lasisinta ya ba kowa damar amfani da ita da gyara ta da rarraba ta, kuma fayil ɗinta buɗaɗɗen rubutu ne da ko babu manhajar ana iya leƙa cikinsa a tsamo matani. Tana fitar da PDF mai inganci da maɗaba'a ke karɓa. Aibinta kuma ba ɓoyayye ba ne: hannu ba ya saurin sabawa da ita, aikin jadawali a cikinta na da gajiyarwa, kuma takan yi nauyi idan littafi ya yi tsawo. Kusa da wannan hanya akwai ta masu rubuta umarni maimakon jan akwatuna da linzami, wato LaTeX, wadda aka gina kan TeX na Donald Knuth, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970. Ta dace da littafi mai tsari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, amma wanda ke mafarkin shafuka irin na Mörk Borg zai sha wuya da ita. Akwai kuma Homebrewery, wadda ke aiki a intanet, tana mayar da rubutu zuwa kamannin littattafan Dungeons & Dragons cikin 'yan mintuna. Saurinta abin so ne, sai dai littafinka zai fito da fuskar littafin wani.

Mai karatu na iya cewa wannan tsoron rufe ƙofa ya yi yawa. Tarihin sana'ar ne ke amsa masa. PageMaker, wadda kamfanin Aldus ya fitar a 1985, ita ce ta buɗe wannan fage baki ɗaya, har shugaban kamfanin, Paul Brainerd, shi ake jingina wa sunan da Turawa ke kiran sana'ar da shi. Adobe ya haɗiye Aldus a 1994, bugun PageMaker na ƙarshe ya fito a 2001, kuma a yau wanda ke da tsohon fayil ɗinta sai ya yi fafutukar neman tsohuwar kwamfuta kafin ya buɗe shi. Microsoft ya sanar da cewa zai daina tallafa wa Publisher a Oktoban 2026. A ƙarshen 2022 aka cire yawancin launukan Pantone daga manhajojin Adobe, sai wanda ya biya wata haya ta daban, har wasu suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar launukan sun koma baƙi. Mafi ɗaukar hankali gare mu shi ne abin da ya faru a Oktoban 2019, lokacin da Adobe ya sanar da cewa zai rufe asusun dukkan masu amfani da manhajojinsa a ƙasar Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka. An janye matakin kafin wata ya ƙare, bayan kamfanin ya sami izini, amma mai zane a birnin Karakas ya riga ya gane cewa siyasar da ba shi da hannu a cikinta tana iya raba shi da kayan sana'arsa dare ɗaya. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane.

Su kansu masu ƙirƙirar wasanni sun ɗanɗana irin wannan ta wata fuskar. Tun shekara ta 2000 kamfanin Wizards of the Coast ya ba da wani lasisi da ya halatta wa kowa gina wasansa a kan dokokin Dungeons & Dragons. Fiye da shekara ashirin mutane suna gini a kan wannan fili, sai a Janairun 2023 labari ya fito cewa kamfanin na shirin soke lasisin ya kawo wani mai tsauri. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa ya ja da baya, har ya saki ginshiƙin dokokin ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa. Wanda ya ga wannan da idonsa, ya kuma koyi cewa bai kamata ya gina gida a filin aro ba, bai dace ya manta darasin ba ranar da ya zo zaɓen manhaja.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu goyon bayan InDesign suna cewa lokaci ma kuɗi ne, kuma awa arba'in da mutum zai ɓata yana kokawa da jadawali a Scribus ta fi hayar wata biyu tsada. Suna cewa duk ranar da wasa ya yi kasuwa, wani kamfani a Jamus ko Faransa ko Japan ya nemi fassara shi, abin da zai tambaya shi ne fayil ɗin InDesign. Suna kuma cewa wanda ya ƙware a kanta ya sami sana'ar da zai yi wa wasu aiki a biya shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na cewa kowa ya guje ta. Mai littafi mai shafi ɗari uku, da abokan aiki a ƙasashe uku, da jarin da ya tara a Kickstarter, InDesign ce tasa. Abin da nake ƙi shi ne mai ƙaramin littafi mai shafi 24 ya ɗaura wa kansa hayar shekara don kawai ya ji an ce ita ce ta ƙwararru. Mai saye ba ya tambayar da me aka tsara littafi. Abin da ya dame shi shi ne ya sami dokar da yake nema kafin abokan wasansa su fara hamma.

Ina wannan ya shafe mu? Sana'ar ta fara tsiro a Nijeriya. Kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu da ke Abuja yana ƙera wasannin kan tebur, yana shirya taron masu wasannin na Afirka, kuma a 2021 ya ci lambar yabo ta Diana Jones, ɗaya daga cikin masu daraja a wannan fage. Ba abin mamaki ba ne gobe wani ɗalibi a Zariya ko Damagaram ya gina wasa a kan tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ko a kan fataucin ayarin Kano zuwa Gwanja. Ranar da ya zo zaɓen manhaja, yana da tambayoyin da takwaransa na Amurka ba shi da su. Akwai batun kuɗin haya, kuma kowa ya san yadda darajar naira ta yi a 'yan shekarun nan. Yawancin ƙananan maɗaba'unmu da CorelDRAW suka saba, wadda ta dace da bango da kati da fosta, amma dogon littafi mai fihirisa ba fagenta ba ne, saboda haka gara a kai musu PDF kammalalle da a kai musu fayil ɗin da za su buɗe su taɓa. Sai kuma haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Yawancin samfuran haruffa masu ado da ake sha'awa a littattafan wasa ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma, ko kuma harafin ya fito da wata siffa dabam da 'yan'uwansa. Samfuran Charis da Andika da Gentium na cibiyar SIL, da Noto na Google, duk suna da su, kuma kyauta ne har ga aikin kasuwanci. Wanda kuma ke son sanya ajami, ya sani cewa InDesign da sababbin bugun Scribus suna iya rubutun dama zuwa hagu, alhali Affinity Publisher a bugunta na farko da na biyu ba ta iya ba.

Shawarata ga mai shirin shiga wannan aiki, a nan ko a ko'ina, ba ta da tsawo. Ya fara neman takardar sharuɗɗan maɗaba'ar da zai yi aiki da ita. Sannan ya zaɓi shafuka takwas mafiya wuya a littafinsa, masu jadawali da hoto mai kai bakin takarda da haruffa masu ƙugiya, ya tsara su a manhaja biyu, ya buga su a takarda, ya ba abokansa su yi wasa da su. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kwana uku na gwaji sun fi gano matsala a shafi na casa'in. Bayan ya zaɓa, kowace ce ya zaɓa, kada ya bar manhajar ta zama ita ce rumbun aikinsa. Ya ajiye matanin littafin a fayil ɗin rubutu zalla wanda kowace kwamfuta ke buɗewa, kuma duk gyaran da ya yi a shafi ya mayar da shi can. Ya ajiye hotunansa na asali dabam, da samfuran haruffansa tare da lasisinsu, da jadawalin katinsa. Duk bugun da ya kammala ya fitar da PDF na maɗaba'a ya adana a wuri biyu, idan kuma da InDesign yake aiki ya haɗa da IDML.

Wanda ya yi haka, ko kamfani ya ƙara haya, ko an sayar da shi, ko an rufe shi, asararsa ba za ta wuce ta 'yan makonnin sake tsara shafuka ba. Dungeons & Dragons ya haura shekara hamsin ana buga shi, kuma a tsawon wannan lokaci manhajoji da yawa sun zo sun wuce. Wasa mai kyau yakan fi kayan da aka ƙera shi da su tsawon rai, saboda haka mai shi ya tabbata cewa ranar da za a nemi bugu na biyar, ba sai ya nemi izinin kowa ba kafin ya buɗe abin da ya rubuta da hannunsa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.